Ranar Wanka Ba A Ɓoyon Cibi: Mai Ciwon Tsoka Na Gado Da Sha'anin Haihuwa

Duk wanda ya ratsa unguwar GRA ta birnin Katsina da sanyin safiya, ya ga faffaɗan tituna da inuwar darbejiya, ga motoci suna fitowa daga manyan gidaje zuwa ofisoshi da makarantu, zai ɗauka matan wannan unguwa sun yi ban kwana da haɗarin da yake bin matan karkara har ɗakin haihuwa. Ba za a ga laifinsa ba, gama ga ilmi, ga albashi, ga mota a ƙofar gida, asibiti kuma ba wata tafiya ba ce. Amma akwai wata mace wadda duk waɗannan ba su isa su tsare ta ba. Ita ce wadda ta gaji ciwon raunin tsoka daga iyayenta, ta ɗauki ciki, ta yi ta zuwa awo wata bayan wata, ita ba ta faɗa ba, su kuma ba su tambaye ta ba.

Irin wannan mace tana iya ɗaukar ciki ta sauka lafiya, ta yi goyo, har ta ga auren 'ya'yanta. Likitoci sun daɗe da tabbatar da haka. Abin da ya fi jefa ta cikin halaka shi ne a shiga daren naƙuda da ita alhali babu wanda ya san abin da take ɗauke da shi, domin kuwa wasu daga cikin magungunan da ake ceton sauran mata da su a wannan dare suna iya zama ajalinta. Saboda haka maganar ɗaya ce: tilas ne a san da ciwon tun kafin ranar, kuma nauyin wannan sani yana wuyan iyali da asibiti da hukuma baki ɗaya.

Bari a buga misali, ba da nufin wata ko wani ba. Ga ma'aikaciya a sakatariya, 'yar shekara 27, mazauniyar GRA. Tun tana makaranta, in ta matse wanki ko ta damƙi marfin ƙofa, sai yatsunta su ƙi buɗewa na ɗan lokaci, musamman da hunturu. Barci yana fizgar ta da rana tsaka, fatar idonta tana saukowa, abokan aiki suna yi mata shaguɓen kasala. Mahaifinta an cire masa yanar ido tun bai kai shekara 45 ba, wani baffanta kuwa ya kwanta da lafiyarsa aka wayi gari babu shi. A gidan ba a taɓa haɗa waɗannan abubuwa wuri ɗaya ba. In ma wani ya haɗa, ya ja bakinsa ya yi shiru, don akwai 'yan mata da ba su yi aure ba.

Da ta sami ciki, sai cikin ya yi girma fiye da watanninsa, mata suka ce ai tagwaye ne, motsin ɗan kuwa kaɗan-kaɗan. A wata na takwas faya ta fashe cikin dare, aka garzaya da ita ƙaramin asibitin kuɗi mafi kusa, mai tsabta da ɗaki mai sanyi. Naƙuda ta tsaya cik, aka yanke shawarar tiyata, aka yi mata allurar da ake yi wa kowa. Nan take muƙamuƙinta ya ƙage, aka rasa yadda za a zura mata bututun numfashi. Da aka ciro jaririn sai ga shi laƙwas kamar tsumma, ba kuka, ba ƙarfin tsotso; mahaifa kuma ta ƙi tsukewa, jini ya ɓalle. Babu mataki ko ɗaya a cikin wannan misali wanda likitoci ba su san da shi ba, babu kuma wanda ba a iya yi wa shiri, da an yi tambaya tun ranar da aka yanka mata katin awo.

Wane irin ciwo ne?

Tsoka ita ce naman da yake motsa gaɓoɓin jiki. Amma ya kamata mai karatu ya tuna cewa zuciya ma tsoka ce, mahaifa tsoka ce, numfashi kansa da tsokar ƙirji ake jan sa. Ke nan ciwon da ya taɓa tsoka ya taɓa duk kayan aikin da mace take haihuwa da su. Wannan ciwo ba shan inna ba ne, ba a ɗaukarsa daga wani, ba kuma aikin iska ko sammu ba ne. Kuskure ne a cikin ƙwayoyin gado da ɗa yake karɓa daga uwa da uba, kamar yadda yake karɓar tsawo da kamanni. Yana da iri da yawa, amma guda uku sun isa su nuna yadda lamarin yake.

Na farko shi ne na cikin misalin da ya gabata, wanda likitoci suke kira mayotonik distirofi, a Hausance kuwa a iya ce masa ciwon ƙagewar tsoka. Wani likita Bajamushe, Hans Steinert, ya bayyana shi a shekarar 1909, aka kuma gano ƙwayar gadon da take haddasa shi a shekarar 1992. Idan uwa ko uba yana da shi, kowane ciki da aka ɗauka rabi da rabi ne: ko ɗan ya gada, ko ya tsira. Wani abin tsoro game da shi kuwa shi ne yana ƙara tsanani daga kaka zuwa jika. Akwai wani ɗan guntun rubutu a cikin ƙwayar gadon wanda yake maimaita kansa sau 5 zuwa 34 a jikin lafiyayye. A jikin mai ciwon ya kai 50 ko ya wuce, a jikin jaririn da aka haifa laƙwas kuwa sau da yawa yakan haura 1,000. Shi ya sa kaka zai ƙare da yanar ido kurum, 'yarsa ta yi fama da ƙagewar hannu, jika kuma ya zo duniya ba ya iya numfashi da kansa. Wannan mummunan nau'i na jarirai kusan kullum ta wajen uwa yake zuwa, kuma sau tari sai an ga jaririn sa'an nan ake waiwayar uwar a gane tana da ciwon.

A ƙasashen Turai an saba ƙiyasta cewa mutum 1 cikin 8,000 yake da shi. A tsakanin baƙar fatar Afirka ya fi haka ƙaranci nesa ba kusa ba, har aka daɗe ana zaton ciwon Turawa ne. To, amma tun a shekarar 1973 wani likitan jijiyoyi ɗan Nijeriya, T. O. Dada, ya wallafa bayanin wani iyali a ƙasar nan masu ɗauke da shi, a shekarar 1995 kuma masu bincike suka tabbatar da shi a cikin ƙwayoyin gadon wani dangi na Nijeriya. Ƙaranci dabam, babu dabam.

Na biyu shi ne wanda yake kama tsokar ƙugu da kafaɗa, mace ta riƙa tafiya tana rangaji, hawa bene ya gagare ta, in ta zauna a ƙasa sai ta dafa gwiwa kafin ta miƙe. Yawancin ire-irensa gadonsu daidai yake da na sikila, wanda jama'a suka riga suka fahimta: uwa lafiya, uba lafiya, amma kowannensu yana ɗauke da rabin ciwon a ɓoye, sai ya zama a kowane ciki akwai haɗarin kashi ɗaya cikin huɗu. A nan ne auren zumunci yake shigowa, domin 'yan'uwa sun fi bare yiwuwar ɗaukar kuskure iri ɗaya daga kaka ɗaya. A ƙasar Tunisiya, inda auren dangi ya yi yawa kamar a ƙasar Hausa, Farfesa Mongi Ben Hamida da abokan aikinsa sun bayyana wani nau'i mai tsanani na wannan ciwo a shekarar 1983. Macen da take da irin wannan, in ta auri bare wanda ba ya ɗauke da shi, 'ya'yanta ba za su yi ciwon ba. In kuwa ta auri ɗan'uwa mai ɗauke da shi, haɗarin ya koma rabi da rabi.

Na uku shi ne ciwon Dushen, mai kama 'ya'ya maza, kimanin yaro 1 cikin 3,500 zuwa 5,000. Yaro zai tashi lafiya, daga shekara uku zuwa biyar ya fara yawan faɗuwa, ƙwaurinsa ya yi kauri, kafin ya balaga ya zauna. Yakan biyo ta wajen uwa, ko da yake kimanin kashi ɗaya cikin uku sabon kuskure ne da ya faru ba tare da an gada ba. Uwar da take ɗauke da shi galibi lafiyarta lau a ido, amma zuciyarta tana iya yin rauni a ɓoye. Saboda haka macen da yayyenta maza ko kawunnanta suka zauna tun suna yara tana bukatar a duba zuciyarta kafin ciki ya yi nauyi.

Inda haɗarin yake

Ciki aiki ne ja wur ga zuciya. Jinin mai ciki yakan ƙaru da kusan rabi, zuciya kuma ita ce za ta yi ta harba shi dare da rana. Zuciyar da ciwon tsoka ya taɓa, ko dai ƙarfinta ya ragu ko bugunta ya rikice, kuma rikicewar bugu tana iya kashe mutum farat ɗaya ba tare da sallama ba. Haka nan cikin yana tokare ƙirji daga ƙasa, numfashin da dama ba shi da ƙarfi ya ƙara ƙuntata, musamman in an kwanta rigingine.

Wajen naƙuda kuma, mahaifa mai rauni ba ta murɗawa yadda ya kamata, uwar ba ta da ƙarfin yunƙuri, bayan an haihu kuma mahaifar takan ƙi tsukewa, wanda shi ne babban dalilin ɓallewar jini. A ciwon ƙagewar tsoka ruwan faya yakan yi yawa, don jaririn da ya gaji ciwon ba ya iya haɗiye ruwan kamar sauran 'yan tayi, haihuwa kafin lokaci kuma takan sami kusan kashi ɗaya cikin uku na cikunan.

Amma babban tarkon yana cikin akwatin magani. Akwai wata allura mai suna sakzametoniyam wadda ake amfani da ita wajen tiyatar gaggawa don ta saki jikin majiyyaci. A jikin mai ƙagewar tsoka sai ta yi akasin haka, ta ɗaure muƙamuƙi da ƙirji, a wasu ire-iren ciwon kuma ta sa zuciya ta tsaya. Iskar sa barci da ake shaƙawa tana iya ta da zazzaɓi mai kisa a jikin masu wani nau'in ciwon, wanda maganinsa guda ne, dantirolin, kuma ba ko'ina ake ajiye shi ba. Allurai masu ƙarfi na kashe zafi da magungunan kwantar da hankali irin su Valium suna danne numfashinta fiye da na kowa. Hatta magnisiyam salfet, maganin da ya ceci dubban mata daga jijjigar masu ciki a Arewa, yana ƙara wa tsoka rauni, don haka ba a ba irin wannan mace shi sai da tsananin lura, da na'urar taimakon numfashi a kusa. Likitan da ya san da ciwon yana da hanyar kauce wa duk waɗannan: allurar baya wadda take kashe rabin jiki mace tana farke, ɗaki mai ɗumi don sanyi da makyarkyata suna ta da ƙagewa, da jini a tanade. Likitan da bai sani ba kuwa, ko ya kai gwani na gwanaye, a cikin duhu yake aiki.

Haɗarin bai ƙare da yanke cibiya ba. A shekarar 1978 likitoci biyu a Zariya, Davidson da Parry, suka wallafa bincikensu kan ciwon zuciyar masu jego, inda suka danganta yawansa da wankan ruwan zafi da kwanciya kan gadon wuta da shan kunun kanwa. Binciken da Farfesa Kamilu Karaye ya jagoranta daga Kano a shekarun baya-bayan nan ya ƙaro wasu dalilai, har da ƙarancin abinci mai gina jiki. Ko ma dai wane dalili ne ya fi ƙarfi, kanwa gishiri ce mai tara ruwa a jiki, mai jegon da zuciyarta take da rauni tun asali kuwa ba ta da rarar ƙarfin da za ta ɗauki wannan kaya. Kakanni da gwaggwanni masu kula da jego suna bukatar a gaya musu haka da ladabi, amma ba tare da kwana-kwana ba.

Masu cewa a'a

Akwai masu cewa ƙasar da mata suke mutuwa saboda zubar jini da jijjiga ba ta da lokacin ɓatawa a kan ciwon da likita zai iya gama aikinsa bai gani sau biyar ba. Maganarsu tana da nauyi. Ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya da takwarorinta na shekarar 2023 ya nuna mata kimanin 75,000 suka rasu a Nijeriya ta dalilin ciki da haihuwa, watau fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na duniya baki ɗaya. Binciken lafiyar jama'a na ƙasa na shekarar 2018 kuma ya nuna cewa a shiyyar Arewa maso Yamma ko kashi ɗaya cikin biyar na haihuwa ba a yi a asibiti ba.

To, amma a duba abin da mai ciwon tsoka take bukata: ma'aikaciyar da za ta tambayi tarihin iyali, na'urar auna bugun zuciya, likitan sa barci ƙwararre, ma'ajiyar jini, da ɗakin jarirai mai kwalba da iskar numfashi. Wanne ne a ciki sauran mata ba sa bukata? Asibitin da ya shirya mata ya shirya wa mai zubar jini da mai jijjiga. Tambayar kuwa ba ta cin kwabo. Farfesa Kelsey Harrison ya bi diddigin haihuwa 22,774 a asibitin Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya daga 1976 zuwa 1979, ya wallafa sakamakon a 1985, kuma babban darasinsa shi ne mutuwa ta fi yawa ninkin-ba-ninkin a cikin matan da aka kawo a gaggauce ba su taɓa awo ba. Mai ciwon tsokar da ta yi awo sau takwas amma ba a san ciwonta ba, a daren naƙuda matsayinta ɗaya da wadda ba ta taɓa taka asibiti ba.

Akwai kuma masu cewa irin wannan mace ta haƙura da aure da haihuwa kawai. Wannan hukunci ne na zalunci, kuma shi ne ma yake sa iyalai ɓoyewa. Wani bincike da aka wallafa a shekarar 2012 ya bi labarin cikunan mata 178 masu cututtukan tsoka da jijiya na gado, ya sami cewa jariran sun zo lafiya a yawancin ire-iren, in ban da ciwon ƙagewar tsoka, inda jaririn da ya gada yake shiga haɗari. Binciken bai ɓoye ɗacin ba: kimanin rabin masu ciwon ƙugu da kafaɗa sun ce rauninsu ya ƙaru da cikin. Gaskiya ne kuma akwai wadda zuciyarta ko numfashinta ya yi raunin da likita zai ba ta shawarar kada ta ɗauki ciki. Amma wannan shawara ce da ake yankewa bayan gwaji, tsakanin mace da mijinta da likita, ba hukuncin da 'yan zaman majalisa za su yanke a bakin titi ba. Dokar hana wariya ga naƙasassu wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a watan Janairu na 2019 ta haramta a wulaƙanta mutum saboda naƙasarsa, ɗakin awo kuwa bai fita daga cikin wannan doka ba.

Kowa da nasa nauyi

Nauyi na farko na iyali ne. Iyayen da suka ga hannun 'yarsu yana ƙagewa, ko suka binne 'ya'ya maza biyu da suka zauna tun ƙuruciya, suka kuma aurar da 'ya ba su ce uffan ba don gudun kada manema su watse, sun sayi rufin asirin shekara ɗaya da ran 'yarsu. A shekarar 2024 Jihar Kano ta kafa dokar gwajin lafiya kafin aure, wadda ta haɗa da gwajin sikila. Mataki ne mai kyau, amma ya kamata jama'a su sani cewa takardar irin wannan gwaji ba ta nuna ciwon tsoka. Abin da yake nuna shi da farko shi ne bakin dattijon da ya san tarihin gidan. Malamai sun sha bayyana cewa neman magani ba ya warware tawakkali, ɓoye aibi ga mai neman aure kuwa ba halin mutanen kirki ba ne. Namijin da aka gaya wa gaskiya ya ce ya ji ya gani, shi ne zai tsaya a ƙofar ɗakin tiyata ya ce wa likita, ga abin da matata take da shi.

Nauyi na biyu na maigida ne, musamman ma'aikacin da Allah ya hore wa abin hannu. Kyawun gini da sanyin ɗaki ba su ne ma'aunin asibitin da irin wannan mace za ta haihu ba. Tambayoyin da zai yi su ne: akwai likitan sa barci da yake kwana a wurin? Akwai jini? Akwai ɗakin kulawa ta musamman ga uwa da ga jariri? A birnin Katsina akwai Asibitin Koyarwa na Tarayya, wanda aka ɗaukaka daga matsayin Cibiyar Lafiya ta Tarayya a zamanin mulkin Buhari, akwai kuma Asibitin Turai 'Yar'aduwa na mata da yara da Babban Asibitin Katsina, waɗanda za su iya tura mace gaba in lamarin ya fi ƙarfinsu. In ana bukatar ƙarin ƙwararru, ga Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, ga na Jami'ar Ahmadu Bello a Shika. Bin layi a babban asibiti yana da gajiya, amma ba a fafe gora ranar tafiya.

Shirin da ya kamata a yi a bayyane yake. Kafin ciki, a auna bugun zuciya, a ɗauki hotonta, a gwada ƙarfin numfashi, a kuma duba magungunan da take sha, don wasu magungunan zuciya suna cutar da ɗan tayi. Da ciki ya samu, a riƙa maimaita gwajin zuciya, a riƙa duba yawan ruwan faya da motsin ɗa. Tun watanni kafin haihuwa ta zauna da likitan sa barci, a rubuta abin da za a ba ta da abin da ba za a ba ta ba, ta riƙe kwafe a jakarta duk inda za ta. Ba dole ne sai an yi tiyata ba. Da yawa suna haihuwa da kansu, a taimaka musu da na'urar jawo kan ɗa in yunƙuri ya gaza. A sa likitan yara ya tsaya a ɗakin. Bayan haihuwa kada a yi gaggawar sallama, a bar ta ƙarƙashin ido na kwana ɗaya ko biyu a ƙalla, don numfashi yakan yi rauni bayan an ɗauka komai ya wuce. A gida kuma a samo mai taya ta ɗaukar jariri da wanka, a ba da tazara mai kyau kafin wani cikin. Gwajin ƙwayar gado da yake tabbatar da sunan ciwon yana da tsada, sau da yawa ma sai an aika da jini ƙasar waje, amma babu ɗaya daga cikin matakan nan da yake jiran wannan gwaji. Zato mai ƙarfi ya isa a yi shiri.

Nauyi na uku na Ma'aikatar Lafiya ne da manyan jami'anta, waɗanda da yawansu a GRA ɗin suke kwana. Abu mafi sauƙi da za su yi shi ne su ƙara layi biyar a katin awo na dukkan asibitocin jihar, na gwamnati da na kuɗi. Shin hannunki yana ƙagewa in kin damƙi abu? Shin tashi daga zaune ko hawa bene yana yi miki wuya tun kafin ciki? Akwai wanda ya zauna tun yana yaro a danginku? Akwai wanda ya mutu farat ɗaya da ƙuruciya, ko ya kasa farfaɗowa bayan allurar tiyata? Kin taɓa haihuwar jariri laƙwas? Ungozoma kuma tana iya cewa mace ta damƙe mata yatsu biyu ta saki. Gwajin bai kai minti ɗaya ba. Duk wadda ta amsa da i, a rubuta da jan biro a kan katinta, a tura ta babban asibiti. Sa'an nan a umurci ƙananan asibitoci kada su riƙe irin wannan mace don kwaɗayin kuɗin tiyata, a tabbatar akwai dantirolin aƙalla a wuri ɗaya sananne a jihar, a kuma sa gwajin zuciyar masu ciki cikin abin da inshorar lafiyar ma'aikata take biya. Haka nan ya kamata kwamitocin da suke bin diddigin mutuwar masu haihuwa su riƙa tambayar tarihin dangin wadda ta rasu a kan gadon tiyata, don ƙannenta mata suna nan tafe a bayanta.

Nauyi na ƙarshe na ɗalibai ne, masu koyon likitanci da aikin jinya a Katsina da masu koyon ungozoma a Malumfashi, har da sauran 'yan makaranta da suke komawa gida hutu. Malami zai iya wuce babin nan da sauri don ba ya yawan fitowa a jarrabawa, amma wata rana da ƙarfe biyun dare zai fito a kan gado, da rai biyu a cikinsa. Ɗalibin da ya zauna da kakarsa ya rubuta waɗanda suka zauna da waɗanda suka mutu da ƙuruciya a danginsu, ya ajiye takardar, ya yi wa gidansu aikin da kuɗi ba sa saye.

Jihar Katsina ba baƙuwa ba ce wajen ɗaukar ciwon mata da aka daɗe ana ɓoyewa a fito da shi fili. A Babbar Ruga, a bayan gari kaɗan, Dokta Kees Waaldijk ɗan ƙasar Holan ya shafe shekaru tun daga wajejen 1980 da 'yan kai yana ɗinke matan da doguwar naƙuda ta bar su da yoyon fitsari, har wurin ya zama cibiya ta ƙasa. Waɗannan mata ma a dā a ƙuryar ɗaki ake ajiye su, ana cewa abin kunya ne. Masu ciwon tsoka na gado ba su kai su yawa ba, kuma abin da suke nema bai kai gina sabon asibiti ba: iyaye su faɗa, ungozoma ta tambaya, hukuma ta buga katin. Allah ya sauki masu ciki lafiya, ya raya abin da aka haifa, amin.